Sawun Katako a Jikin Kankare

Odete ta bari sai da mahaifinta ya gama shan miyar ganyen da ta dafa masa, ya suɗe kwanon da guntun burodi kamar yadda ya saba kowace Lahadi bayan an taso coci, sannan ta ce, "Baba, rahoton ginin gunduma ya fito. Ranar Alhamis za a kai shi gaban majalisa."

Aurelio Bettencourt ya ajiye burodin. Shekarunsa tamanin da uku, kuma idanunsa sun lalace, ba ya ganin tsakiyar abu sai gefe-gefensa. In zai dubi mutum sai ya karkatar da kai kamar kaza. Haka ya karkato ya dubi 'yarsa.

"Me rahoton ya ce?"

"Ya ce a rushe."

"Wa ya rubuta?"

Ta ɗauki kwanon ta kai wurin wanke-wanke, ta ba shi baya. "Ni na sa hannu. Aikina ne, Baba, ni ke kula da gine-ginen gunduma. Shekara goma sha ɗaya ina bin rufin nan da faci, in toshe nan ya ɓalle can."

Aurelio ya tashi daga tebur. Ya lalubi hularsa, ya fita baranda ya zauna, ko da yake sanyin kaka ya fara shiga ƙashi.

Duk garin Quenby ba wanda bai san ginin ba, kuma kaɗan ne suke ambatonsa da alheri. Wasu na ce masa kurkuku, wasu na cewa kamar ƙato ne ya zubar da akwatunansa a tsakar gari ya tafi. A cikinsa ake sabunta lasin mota, a ciki ake rajistar haihuwa da fili, a ciki kotuna shida suke zama. Tun da guguwar bara waccan ta cika ƙasansa da ruwa aka garƙame shi, ma'aikata suka watsu a ofisoshin haya.

Aurelio yana da shekara ashirin da shida aka ɗauke shi aikin ginin, bai daɗe da zuwa daga tsibirinsu na Pico ba, Turancinsa ma bai wuce na gaisuwa da sayen ƙusa ba. A can gida jirgin ruwa ya koyi sassaƙawa. A nan aka sa shi haɗa akwatunan katakon da ake zuba kankare a ciki. Mai zanen ginin, Mista Halvard Stroud, wani siriri mai fensir a bayan kunne, ya hana a shafe bangon da filasta, ya hana fenti. Ya ce yadda kankare ya fito daga katako haka zai zauna har abada, don haka kowane katako sai an zaɓe shi, an jera shi daidai, domin zanen jikinsa zai fito a bango. Sauran kafintocin suka ce mutumin nan ya taɓu. Aurelio kuwa ya gane abin da ake nufi tun kafin a fassara masa. Shekara uku ya yi yana jera katakon da ya san za a ɓamɓare a jefar, don kawai sawunsa ya zauna.

Washegari ya hau bas zuwa gidan kula da tsofaffi da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Can abokinsa Lemuel Gaskins yake tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Lemuel baƙar fata ne, magini, daga Carolina ya zo neman aiki, kuma shi da mutanensa suka bi bangon babban zauren ginin da guduma, suna farfasa bakin kankaren da hannu har tsakuwar ciki ta fito tana ƙyalli. Su biyun nan kaɗai suka rage cikin waɗanda suka yi aikin.

"Ga makaho ya iso," in ji Lemuel daga kan keken guragunsa. "Yau motoci nawa ka gaisar a hanya kana zaton mutane ne?"

"Gara ni, da ƙafata na zo. Kai fa, tsohon banza, sai an tura ka kamar amalanke."

Suka yi dariya. Sai Aurelio ya zauna a bakin gado ya gaya masa. Lemuel ya daɗe yana kallon hannunsa mai lafiya, wanda yatsunsa suka kakkarkace tun zamanin guduma.

"Odete ɗinmu?"

"Ita."

"To, ba laifinta ba ne. Rufi tamanin a gini ɗaya! Na gaya wa Stroud tun ran nan, na ce ranka ya daɗe, a garin dusar ƙanƙara kake. Ya ce mini ruwa zai bi inda aka tsara masa. Ka taɓa ganin ruwan da ya karanta takarda?"

"Za ka zo ranar Alhamis?"

"In za ka tura ni ba tare da ka jefa ni a kwata ba."

A zauren makarantar sakandare aka yi zaman, da ƙarfe huɗu na yamma. Kansiloli ashirin da ɗaya suka jeru a dogon tebur, aka ba kowane mai magana minti uku. Wani malamin jami'a da ya taso daga birni ya fara. Ya ce ginin nan yana cikin littattafai, ɗalibai daga ƙasashen duniya suna zuwa su zana shi, irinsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ya yi ta zuba manyan kalmomi har ƙararrawa ta katse shi. Wani daga baya ya ce, "To ka ɗauka ka kai garinku mana!" Zauren ya kwashe da dariya.

Bayansa wata akawun kotu ta tashi, ta ɗaga abin shaƙar asma sama. Ta ce shekara ashirin ta yi a ofishin da bokiti bakwai suke tare ruwa, takardu suna yin funfuna a cikin durowa, ga abin da ta samu. Wani mai shagon taya ya ce tun yana yaro yake tsoron ginin, kuma har ranar da aka garƙame shi in ya shiga biyan tara sai ya ɓata.

Da aka kira sunan Aurelio, Lemuel ya zungure shi da gwiwar hannu. "Tashi. Lasifikar tana hagunka, kada ka je ka yi wa tuta jawabi."

Ya tashi, ya cire hula. Ta gefen idonsa ya hango Odete a ƙarshen tebur, takardu a gabanta, kanta a sunkuye.

"Ni ban yi karatu ba," in ji shi. "Kafinta ne ni. Tsohuwar kotun da aka rushe kafin wannan, wasunku ba su san ta ba. Ginshiƙai gare ta, da matakala talatin a waje. Kafin ka kai ƙofa ka riga ka zama ƙaramin mutum. Mista Stroud ya ce wannan karon ƙofa za ta zauna daidai da titi, mai shara da lauya su shiga kafaɗa da kafaɗa. Ya ce kada a rufe bango da komai, gidan shari'a ne, a bar mutane su ga da me aka yi shi. In kun shiga kotu ta huɗu, tagar tana can sama, ba ka ganin waje, sama kawai. Wata biyu muka yi muna gyara bakin tagar nan, don hasken ya sauka a kan wanda ake tuhuma daidai yadda yake sauka a kan alƙali. Kujerar alƙalin ma taki biyu kacal ta fi ƙasa tsawo. A ɗakin nan na ɗaga hannu na zama ɗan ƙasa. Na dubi bango na ga katakon da na jera da hannuna." Ya juya hular a hannunsa. "Ginin yana yoyo, na sani. Ni ma ina yoyo. Ba a ce a rushe ni ba tukuna."

Aka yi 'yar dariya, wasu suka tafa. Yana komawa wurin zamansa, wata mata mai rigar aikin asibiti ta karɓi lasifikar. Ta ce sunanta Corinne Ransome, ba ta yi niyyar magana ba.

"Baba, ka yi haƙuri, na girmama aikin hannunka. Amma ni ma na san kotu ta huɗu. A nan aka karɓe mini 'ya'yana biyu. Na ga hasken da kake faɗa, ya sauka a kaina sarai, kowa ya ga ina kuka. Da na fito na rasa hanyar waje, na yi ta hawa ina sauka, ko bangon da zan jingina babu, duk kaifi ne, ya yage mini riga. Kullum sai na wuce ta gabansa in zan tafi aiki. Ni dai a rushe."

Ta zauna. Aurelio ya sunkuyar da kai. Bangon mai kaifi aikin Lemuel ne, bai kuwa iya juyawa ya dube shi ba. Shekara hamsin da 'yan kai yana alfahari da ɗakin nan, bai taɓa tunanin yadda yake ga wanda ya shiga aka yanke masa abin da ba ya so ba.

Aka kaɗa ƙuri'a. Sha huɗu suka ce a rushe, bakwai suka ce a gyara.

Sati uku Aurelio bai ɗauki wayar Odete ba. Ranar Lahadi takan zo ta ajiye masa miya a bakin ƙofa, ya bari sai ta tafi ya ɗauka. A Lahadi ta huɗu ta buɗe da nata makullin ta shigo, ta tsaya a kansa.

"Baba, in fushi za ka yi, ka yi. Amma ranar Talata zan miƙa wa 'yan kwangila makullai. Gobe da safe zan iya shiga da kai, kai da Baba Lemuel. Bayan gobe ko ni ba ni da iko."

Ya daɗe yana murza hular da ke cinyarsa. "Ƙarfe nawa?"

Da hantsi suka isa, cikin motar gidan tsofaffi mai ɗaukar keke. An riga an kewaye ginin da shingen waya. Odete ta ba kowannensu hular kwano da abin rufe hanci, ta buɗe ƙofar gilashi. Keken Lemuel ya shige sumul, ko tuntuɓe babu.

"Ka gani?" in ji Aurelio. "Daidai da titi."

Taki goma suka yi, sai ga matakala uku zuwa ƙasa. Bayansu fili kaɗan, sai wasu biyar zuwa sama. Haka Stroud ya tsara cikin, hawa-hawa kamar gari a gefen dutse, kowane ofis da nasa tsayin. Babban zauren yana can bayan kwana, kotuna kuma suna sama da shi.

"Lif fa, mai hawa da mutane sama?" Aurelio ya tambaya.

"An yanke wuta tun bara," in ji Odete. "Ko da yana aiki ma, Baba, wuri huɗu kawai yake tsayawa. Masu keke ta ƙofar baya muke shigar da su, wajen da ake fitar da shara. Kotu ta huɗu kuwa sai dai a ɗauki mutum. Yanzu bayan ma a toshe yake."

Aurelio ya kama keken ta baya. "Mu ɗaga shi, ni da ke."

"Kai, sake mini keke!" in ji Lemuel. "Makaho da mace mai ciwon baya, ku ƙarasa ni a ginin da na gina? Ku tafi. Ni nan zan zauna in yi gadi." Ya yi 'yar dariya, amma ba ta kai ko'ina ba. "Matakalan nan uku ma ni na zuba su. Na tuna ranar. Ina ta murna sun fito santal."

Suka bar shi a wurin, hular kwanon ta yi masa yawa, yana kallon kwanar da ba zai sha ba.

Odete ta riƙe hannun mahaifinta suka sauka, suka hau. Wurin yana warin laima. Ƙafarsa ta yi ta karo da bokitai, wasu cike, wasu sun kife. A babban zaure ya miƙa hannu ya shafi bangon Lemuel, ya ji tsakuwar tana cizon tafinsa. Da suka hau sama bangon ya sauya, ya zama nasa. Ya ɗora yatsunsa a kai. Ga layin da katako ya haɗu da katako, ga zanen itacen yana tafiya kamar ruwa, ga gurbin ido inda reshe ya taɓa fitowa. Ya bi shi da yatsa a hankali har suka kai ƙofar kotu ta huɗu.

An kwashe kujeru, kafet ya ruɓe. Ya tsaya inda wanda ake tuhuma yake tsayawa, ya ɗaga kai, ya karkata hagu, ya karkata dama. Fari-fari kawai yake gani, kamar hayaƙi.

"Odete, hasken yana sauka?"

"Yana sauka, Baba. Yana kan kafaɗarka. Yana kan teburin alƙali ma." Ta matso kusa da shi. "Ina 'yar shekara bakwai ka kawo ni nan ka ɗora ni a wuya don in taɓa bakin tagar. Kana zaton ban san abin da nake rushewa ba? Sau uku ina rubuta musu a gyara rufin tun ana iya gyarawa. Sau uku suna cewa baɗi."

Bai san da wannan ba. Ya lalubo kanta, ya dafa hular kwanon, ya bar hannunsa a wurin.

"Ya isa, 'yar nan. Ya isa."

Da suka dawo, Lemuel yana nan inda suka bar shi.

"To? Ba ni labari."

"Bangonka yana nan, ko tsaga babu. Har yanzu yana cizo."

"Matar nan ta asibiti ta faɗa ai." Ya dubi karkatattun yatsunsa. "Da na san mutum zai so jingina, da na bar masa wuri ɗaya mai santsi. Ba wanda ya gaya mana, Aurelio. Mu dai an ce mu yi kyau, muka yi."

Aka fara rushewa a farkon hunturu. 'Yan kwangila sun ce sati huɗu zai ɗauke su. Sati huɗu ya wuce ba su gama ko ɓangaren ofisoshi ba. Haƙoran katafila suka yi ta karyewa, rodin ciki ya ƙi tsinkewa, sai da aka aiko da wani injin daga wata jiha. Kowace safiya Aurelio yakan hau bas ya sauka a gaban shagon gahawa da ke kallon wurin, ya zauna kusa da taga. Ba ya ganin komai sai ƙura, amma yana ji. Ya san ƙarar bango in ya faɗi, ya san ƙarar inji in ya ci tura. Daga nan sai ya wuce wurin Lemuel ya kai rahoto.

"Yau ma sun karya haƙori."

"Madalla! Na nawa ke nan?"

"Na shida."

"Su ci gaba. Suna zaton biskit muka zuba?" Lemuel ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da ma'aikaciya ta zo ta ɗaga shi zaune.

Tarin nan bai sake shi ba. A sati na tara sanyi ya kama masa huhu, aka kai shi asibiti, bayan kwana uku ya rasu. Aurelio yana wurin da rana tsaka lokacin da abin ya faru, yana riƙe da karkatattun yatsun nan. A coci, da aka ce ko akwai mai magana, ya tashi ya ce Lemuel Gaskins magini ne, bai taɓa zuba kankaren da ya ji kunyarsa ba. Sannan ya zauna.

Bai koma shagon gahawa ba. A bakin Odete ya ji cewa kotu ta huɗu ta faɗi wata ranar Talata, kuma sai a sati na sha uku aka share filin.

Da bazara ta shigo, wata Lahadi suna zaune a baranda, ya ce, "Ɓaraguzan fa, ina aka kai su?"

"Niƙa su aka yi. An zuba a ƙarƙashin sabuwar hanyar da ta bi ta bayan kogi, kafin a shimfiɗa kwalta."

"Kai ni."

Ta ɗauko mota. Suka fita gari, suka wuce ma'ajiyar katako da filin ƙwallo, sai ta rage gudu ta ce, "Daga nan ya fara." Aurelio ya sauke gilashi, ya dafa ƙofar motar da tafin hannu, ya kasa kunne. Taya tana tafiya lami lafiya, ba gargada, ba rami. Wata babbar mota ta yi musu ham ta wuce. Ba su yi minti huɗu ba Odete ta ce, "Nan ya ƙare."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba. In juya mu sake bi?"

Ya ɗaga gilashin a hankali.

"A'a. Hanyar ta yi kyau. Mu je gida, na gaji."